Sabon Ma'aikaci da Aikin da Ba a Rubuta Masa Ba

Masu sauraronmu na cikin garin Minna, da na Bosso da Chanchaga da Maikunkele, da waɗanda muryarmu ke iske su a Bida, Kontagora, Suleja ko a kan hanya, yau maganar ofis za mu yi, maganar yaranmu da suka kama aiki karon farko.

In ka tsaya a shataletalen Kpakungu ko na Mobil da misalin bakwai da rabi na safe, ba sai an nuna maka sabon ma'aikaci ba. Riga ta sha guga, takalmi na ƙyalli, katin shaida rataye a wuya, yana duba agogo yana tsayar da keke napep. A gida an yi addu'a, an yi sadaka, dangi sun yi ta bugo waya suna barka. To, ka sake duban yaron nan bayan wata uku. Ya rame, barci ya ƙaurace masa, in waya ta yi ƙara da dare gabansa ne ke faɗuwa, tun yammacin Lahadi yake fargabar wayewar Litinin. Abin da ya fi ciwo, ba shi da inda zai kai kuka. Duk wanda ya buɗe wa baki, amsar ɗaya ce: "Kai da ka samu? Ka gode wa Allah. Dubu nawa ke yawo da takardu a hannu?"

Gaskiya ne, godiya wajibi ce. Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke nan Minna tun 1983, da Jami'ar IBB ta Lapai, da kwalejojin fasaha na Bida da Zungeru, da Kwalejin Ilimi ta Minna, duk shekara sai sun yaye dubban matasa. Kujerun kuwa ƙididdigaggu ne: sakatariyar jiha, sakatariyar tarayya, hedikwatar NECO da aka kafa a 1999, bankuna, makarantun kuɗi, asibitoci masu zaman kansu, sai ƙungiyoyin agaji. Wanda ya samu, lallai ya samu. Amma godiya ba ta koya wa mutum yadda ake rubuta memo, kuma wannan tsoron na "kada a ce ban gode ba" shi ne ke rufe wa yaro baki a daidai lokacin da ya fi bukatar yin tambaya.

Takardar kama aiki, ko takardar rabon ayyuka in an yi sa'a an ba shi, yawanci da layi guda take ƙarewa: ban da abin da aka lissafa, zai yi duk wani aikin da shugabansa ya ba shi. Ni ban ga laifin layin ba. Ofis ba zai tafi ba in kowa ya ce iyakar nawa ke nan. Sai dai a wurare da yawa wannan layi ɗaya ya haɗiye duk na samansa.

Bari in ba ku abin da na gani da idona. 'Yar wani maƙwabcina ce, ta karanta aikin akanta, ta gama bautar ƙasa, aka ɗauke ta a wani ofis mai zaman kansa a matsayin mataimakiyar akanta. Ranar da ta fara, wanda ta gada ya riga ya tafi. Bai bar takardar miƙa aiki ba. Abin da ya bari shi ne kwamfuta mai lambar sirrin da ba wanda ya sani, da durowa cike da rasit an ɗaure da roba, wasu tawadarsu ta goge. Kafin ta gama share teburin aka ce ta riƙe wurin karɓar baƙi, mai wurin ta tafi hutun haihuwa. Oga ya miƙo wasiƙa a buga. Firinta ta cinye takarda, aka ce ai ke yarinya ce, kin san kan waɗannan abubuwa. Aka ɗauke wuta, aka ce ta kira mai janareto, ta karɓi kuɗin mai, ta riƙe rasit. Bayan azahar aka shiga taro, aka ce, "Ke za ki ɗauki minit." Ba ta taɓa ganin minit ba a rayuwarta. Ta zauna ta rubuta duk abin da ya fito daga bakin kowa, har gardama da raha, ta kwana tana bugawa. Da safe aka tura mata takardun gabanta, aka ce, "Wannan minit ne ko labari?" Ba a samu mutum ɗaya da ya zauna da ita kwata awa ya ce mata abu huɗu ake nema ba: su wa suka halarta, me aka tattauna, me aka yanke, wa zai aiwatar kuma zuwa yaushe.

Wata ya ƙare, jadawalin albashi bai kammala ba, wato ainihin aikin da aka ɗauke ta dominsa. Aka ba ta takardar tuhuma. Da magariba ta shigo gidana tare da mahaifinta, idanu sun kumbura. Ta ce, "Baba, ni kam ina ga ban iya komai ba. Karatun nan kamar a banza na yi shi." Na ce, "'Yata, ɗauko takarda da biro, rubuta mini duk abin da kika yi a makon nan." Da ta gama muka duba tare. Aikin mutum uku ne cur, kuma ko ɗaya ba a nuna mata yadda ake yin sa ba.

Me ya kawo haka? Da farko dai hannaye sun ragu. Ofishin da muka tashi muka gani yana da masinja, da mai buga tafireta, da akawun rajista, da mai kula da sito, kowa da kujerarsa. Tun gyare-gyaren zamanin Obasanjo, daga 2003, gwamnatin tarayya ta rage ƙananan ma'aikata irin su direbobi da masu shara da masinjoji, wasu ayyukan aka ba 'yan kwangila. A ofisoshi da dama kuma an yi ta ritaya ba a cike gurbi ba. Kujerun sun tafi, amma aikinsu yana nan, kuma a kan na ƙarshen shigowa yake sauka. Sai kwamfuta ta zo ta ƙara. Manya da yawa da biro suka yi zamaninsu, ba laifinsu ba ne. Amma da zarar an ce "yaron nan ya iya kwamfuta", shi ke nan, ya zama mai buga wasiƙar kowa, mai Excel, mai gyaran intanet, mai cike wa 'ya'yan abokan aiki fom ɗin jarrabawa. Ga kuma waya. A da in ƙarfe huɗu ta yi aka rufe ofis, aiki ya kwana a can. Yanzu yana biyo ka gida ta WhatsApp, ƙarfe goma na dare a ce ana son abu kaza kafin takwas na safe.

Amma babban abin da ya ɓace mana, a ganina, koyarwa ce. Ku je garejin bakanike a Minna ku gani. Yaro da wanke noti da miƙa sifana yake farawa, har sayen abinci ana aikensa. Amma yana tsugune kusa da maigidansa, idonsa na kan hannun maigida, kuma in ya ɗaure abu ba daidai ba a take za a kwance a nuna masa. Aike da koyarwa tare suke tafiya. Mu a ofis mun riƙe aiken, mun yar da koyarwar.

Ba haka aka faro ba. A 1947 aka buɗe makarantar horar da akawuna a Zariya, wadda daga baya ta zama Cibiyar Koyon Aikin Mulki ta Kongo, domin an san ba a haihuwar mutum da sanin fayil. Lokacin da gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta ƙirƙiro jihar Neja a 1976, aka ba Murtala Nyako riƙonta, ma'aikatan da suka taso daga Sakkwato, hedikwatar tsohuwar jihar Arewa maso Yamma, sun zo Minna ba isassun ofisoshi, ba isassun gidaje. Kowannensu ya yi aikin da ba nasa ba. Abin da ya riƙe su shi ne horon da suka sha a hannun manya, mutanen da za su dawo maka da takarda da jan biro, su kuma zaunar da kai su gaya maka dalili.

Muna ma da misali daga ɗan jiharmu. Alhaji Abubakar Imam, haifaffen Kagara a 1911, malamin makaranta ne a Midil ta Katsina. Aikinsa ke nan, aji da allo. A 1936 aka ɗauko shi zuwa Zariya aka ce ya zauna ya rubuta littattafan karatu, daga nan aka samu Magana Jari Ce. A 1939 kuma aka ɗora masa aikin editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, alhali ba makarantar aikin jarida ya yi ba. Aikin ba-zata ne ya fito da shi duniya ta san shi. Amma ku lura, ba jefa shi aka yi a ɗaki aka ja ƙofa ba. Dokta Rupert East yana tare da shi, suna duba rubutu, suna gyara, suna muhawara a kai. Don haka ba na cikin masu ce wa yaro ya ƙi duk aikin da ba ya cikin takardarsa. Sau da yawa a cikin irin wannan aikin arzikin mutum yake. Abin da nake ƙi shi ne a ɗora, a juya baya, sannan a dawo da takardar tuhuma.

To, kai ɗana, ke 'yata, da kuke saurarena yanzu, wataƙila a cikin mota za ku koma gida a gajiye, ga abin da nake so ku riƙe.

Ka sayi littafi mai kauri, ba takardar da iska za ta ɗauka ba. Duk aikin da aka ba ka, rubuta: wa ya ba ka, yaushe, yaushe ake so. Rabin nauyin da kake ji a ƙirji na ƙoƙarin tuna abubuwa goma ne a lokaci guda. In sun sauka kan takarda za ka ga wasu na minti biyar ne, wasu kuma ba na yau ba ne. Littafin nan kuma shi ne shaidarka ranar da za a ce ba ka yi komai ba.

In ayyuka biyu suka ci karo, kada ka yanke hukunci kai kaɗai, kada kuma ka ce "to" ga duka biyun ka koma ka zauna kana zufa. Ka tashi ka sami shugabanka, ka gaishe shi, ka ce, "Ranka ya daɗe, ka ba ni wasiƙar nan, ga shi kuma darakta na jiran jadawalin albashi kafin azahar. Wanne zan fara?" Wannan ba ƙin aiki ba ne, ba rashin kunya ba ne. Ka mayar da zaɓi hannun mai ikon zaɓi. Shugabanni da yawa ba mugunta suke yi ba, ba su san abin da ke kan teburinka ba ne, domin kowa ta ƙofarsa yake miƙo nasa.

Sannan ka nemi rajista. Na san mai digiri a mataki na takwas yakan ji kamar ya wuce zama da akawun da ke ƙasa da shi a albashi. Wannan girman kan yana da tsada. Dattijon nan da ke zaune cikin tarin fayiloli masu ƙura, da tsohon masinjan da ya ga daraktoci da yawa sun zo sun tafi, su suka san hanyar da takarda ke bi. Ka gaishe su da girmamawa, ka ce, "Baba, ina son a nuna mini." Za su buɗe maka fayil, su nuna maka layukan da ke bangonsa, inda ake rubuta wanda za a kai wa da shafi da kwanan wata. Za su nuna maka yadda ake lambar shafuka, da dalilin da ya sa ba a zare takarda daga fayil, da abin da ake nufi in oga ya rubuta KIV, wato a ajiye magana amma kada a manta da ita, ko BU, wato a sake kawo masa fayil ɗin ranar kaza. Kuma duk abin da aka ce ka rubuta wanda ba ka taɓa yi ba, minit ne, memo ne, rahoto ne, tambaya ɗaya za ta cece ka: "A ba ni na bara in gani." Kusan babu abin da za a sa ka a ofis wanda wani bai taɓa yin irinsa ba, yana nan cikin wani fayil. Mai tambaya ba ya ɓata.

A aikin gwamnati shekara biyu ake yi na gwaji kafin a tabbatar da mutum, kuma duk shekara ana cike fom ɗin auna ƙwazo. Ƙarin aikin da ka yi, in ba a rubuce yake ba, ranar ƙarin girma kamar ba ka yi ba ne. Don haka bayan ka ɗan zauna, ka nemi takardar rabon ayyukanka cikin ladabi, ka kuma roƙi a saka abin da aka ƙara maka.

Yanzu ga inda nake so ku buɗe kunne sosai, domin ba duk aikin ba-zata ne ke koyarwa ba. Akwai aiken gidan oga: ɗauko yara daga makaranta, cefane a kasuwar Kure, kai mota wanki. Sau ɗaya sau biyu, mutunci ne, mu mutane ne masu girmama na gaba. In ya zama kullum har aikinka na kwana, ka koma ga tambayar nan ta wanne zan fara. Wannan mai sauƙi ne. Mai haɗarin shi ne sa hannu. Za a miƙo maka takarda a tsaye, a ce, "Sa hannu nan kawai, an karɓi kaya." Ka ga kayan? Ka ƙirga? In ba ka gani ba, kada ka sa. Ko a ce, "Kawo lambar asusunka, za a turo wasu kuɗi ka ciro mana." Kada ka bayar, ko wane ne ya nema. Ranar da masu binciken kuɗi ko EFCC ko ICPC suka zo, sunan da ke kan takarda suke kira, ba sa neman wanda ya ba da umarni da baki. Ka ce, "Yallaɓai, a yi mini afuwa, ban fahimci takardar ba, a bar ni in karanta." Mai gaskiya ba zai ji haushin wannan ba.

'Yan mata kuma, in aikin ya zama na a tsaya bayan kowa ya tashi, ko a kawo fayil otal, wannan ba aiki ba ne. Kada ki yi shiru don tsoron rasa kujera. Ki gaya wa wata babba a ofis ɗin da kika amince da ita, ki gaya wa na gida, ki kuma ajiye saƙonnin.

Doka ma ba ta bar ku haka ba. Sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci takarda cikin wata uku, mai bayyana irin aikin, da albashi, da lokutan aiki, da hutu, kuma masu aikin akawu suna cikin waɗanda dokar ta shafa. A Yulin 2024 mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya koma naira 70,000, Gwamna Umar Bago kuma ya amince da 80,000 ga ma'aikatan jihar Neja. Sai dai dokar mafi ƙarancin albashin ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma a irin waɗannan ƙananan ofisoshi ne ake ɗaukar mutum ɗaya a sa shi aikin uku. Masu irin waɗannan wurare, ku ji tsoron Allah. In ba za ku iya ƙara hannu ba, ku ƙara albashi, ko ku rage buri.

Gajiyar nan kuma ba raki ba ce. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince cewa akwai ƙonewar ƙarfi da matsin aiki mai tsawo ke haifarwa, inda mutum zai ji ya ƙare, ya tsani aikin, ƙwazonsa ya ragu. Ga zafin Minna na Maris da Afrilu, ga kuɗin mota da ya ninka tun cire tallafin mai a 2023. Ka ci abinci da rana, ko da ƙosai da kunu ne. Ka tashi ka yi sallarka ko addu'arka a kan lokaci. In barci ya ƙi zuwa mako da makonni, ko ƙirji na bugawa ba dalili, ka ga likita. Iyaye, ku ma da naku. Yaro ya dawo ya ce ya gaji, ku saurare shi kafin ku tuna masa da waɗanda ba su samu ba. Kuma a ɗan sassauta masa buƙatu a watannin farko, albashin bai kai yadda ake zato ba.

Maganata ta ƙarshe ga manya ce, daraktoci da manyan sakatarori da shugabannin sassa, ranku ya daɗe. Addininmu, Musulmi da Kirista, ya hana a ɗora wa na ƙasa abin da ya fi ƙarfinsa, in kuma an ɗora, a kama masa. Ba kuɗi nake roƙo a ware ba. Kada a bar ma'aikaci ya bar kujera sai ya rubuta takardar miƙa aiki, da lambobin sirri, da jerin abin da ya rage. A ba sabon shiga takardar ayyukansa a makon farko, a zaga da shi rajista da sito da ofishin kuɗi a gabatar da shi. A haɗa shi da babba guda ɗaya na wata uku, wanda zai iya tambaya ba tare da jin kunya ba, kuma a san cewa wannan babban shi za a fara tambaya in yaron ya yi kuskure. Ofishin Shugaban Ma'aikata na jiha zai iya fitar da wannan a takardar umarni guda, ta zaga ma'aikatu da ƙananan hukumomi 25, masu ofisoshi masu zaman kansu kuma su ɗauka daga nan.

Lokacinmu ya cika. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.